Sunan Yaya a Takardar Kamfani

Niƙan roba ne sana'ata. Tsofaffin bokitai, butoci, karyayyun kujeru, mu wanke mu zuba a inji ya farfasa su, in ɗura a buhu in kai wa wata masana'anta a Sharaɗa. Inji ɗaya gare ni a rumfar kwano, kuma da shi gidana yake ci.

Wata rana manajan saye ya ce daga yanzu ba sa karɓar kaya sai daga kamfani mai rajista. Na tafi wurin lauya a Bompai. Kuɗin duba suna, kuɗin rajista, kuɗin hatimi, ga nasa ladan. Sai da babur ɗina ya tafi. Ya ce a rubuta injin a matsayin dukiyar kamfani, na ce to. Ya ce doka mutum biyu take so, in kawo wani.

Wa zan kawo in ba Yaya ba? Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu. Manomi ne a bayan Challawa, bai san inda ake kunna injin ba. Lauya ya ce a rubuta masa ɗan kaso kaɗan, don cika sharaɗi kawai. Kunya ta kama ni. A karanta takarda a ji ƙani ya hau kan wansa? Na ce a raba daidai. Lauya ya dube ni ta saman tabarau, ya rubuta.

Daga nan kamfani ya zama kamar wani baki a gidana. Kowace shekara a biya hukuma, a biya akanta, a biya haraji, ko an yi ciniki ko wuta ta hana aiki. Ni kaɗai nake biya. Yaya bai taɓa tambaya ba, sai dai in na kai masa shinkafa da azumi ya ce, “Ya kamfanin namu?” mu yi dariya.

Da ya rasu, aka taru a zaurensa don rabon gado. Malamin unguwa ya lissafa gona, gida, awaki. Yana shirin shafa fatiha sai babban ɗan Yaya, direban tirela ne, ya gyara zama.

“Allah gafarta Malam, saura kamfanin niƙan roba. Rabi na Baba ne.”

Na ce, “Kai, wane rabi? Ubanka ya taɓa zuba ko sisi?”

“Baffa, ni ban san wannan ba. Sunansa yana ciki ko ba ya ciki?”

Ina jin motsin mata a bayan labule. Malam ya juyo gare ni.

“Takardar boko ba ita zan bi ba. Ku zan tambaya, tsakaninku da Allah. Aron sunansa kuka yi, ko kyauta kuka yi masa ya karɓa?”

Ranar da na kawo takardar rajista, a wannan zauren na miƙa wa Yaya, na ce, “Rabi naku ne, Yaya.” Ya riƙe ta da hannu biyu ya sa albarka. Mu biyu ne kawai. In na ce aro ne, babu mai ƙaryata ni a duniya, injin kuma ya tsira.

Malam ya ce, “Muna sauraro.”

Na dubi buzun da Yaya yake salla a kai, an naɗe shi an jingine a lungu. Na ce, “Na faɗa masa nasa ne. Ya karɓa.”

Na roƙi yaran su bar injin yana aiki, in riƙa ba su rabonsu duk wata. Ƙananan sun so yarda. Babban ya ce su bakwai ne, ga marayu mata, kowa haƙƙinsa yake so a hannu. Ban ga laifinsa ba, amma ban iya sayen rabin ba. Wani mai niƙa daga Na'ibawa ya sayi injin, ya zo da makanikinsa suka kwance shi, ina tsaye, har ni na nuna musu ƙusar da take gardama.

Yanzu a injin wani nake aiki a Challawa, ana biyana kullum da yamma. Kamfanin yana nan a takarda. Na je in rufe shi, aka ce rufewar ma sai an biya, na sa hulata na fito.