Hoton da Dakta ya ɗauke ni da toman

Ni dai ban taɓa yarda da mutumin da zai kama kifi ya mayar da shi ruwa ba. Mijin ƙanwar matata kuwa abin da yake yi ke nan duk ƙarshen mako. Dakta muke ce masa. Yana koyarwa a wata kwaleji mai zaman kanta a Kuala Lumpur, gidansa na can sama a benayen Danau Kota. Na girme shi nesa ba kusa ba, Yaya yake ce mini, amma irin Yayan nan da ake faɗa ana duba waya.

Ni a Chow Kit nake, a wani ɗaki saman shagon kayan miya. Aikina kago. Matan da suke zuwa daga Kano da Kaduna sarin abaya da takalma, ni nake ɗaure musu kaya, in auna, in kai wa masu jirgi. Da korona ta zo jirgi ya tsaya, matan suka daina zuwa, aiki ya mutu. Ana cikin kulle bizata ta ƙare. Iyalina suna Kano sun zuba mini ido. Mutum ɗaya ne a duk garin ya san takardata ta mutu, shi ne Dakta, kuma ni da bakina na gaya masa ranar da matarsa ta aiko shi ya kawo mini tuwo. Bai gama sauka daga bene ba na fara da na sani.

A lokacin ba wasa ake ba. Na ga an zagaye wani bene da waya mai ƙaya, motocin shige da fice sun yi layi, an fito da mutane an zaunar a kan kwalta, 'yan Bangaladash da 'yan Bama, har da masu goyo. Wanda aka kai sansanin tsare baƙi ba ka ƙara jin labarinsa sai an ce cuta ta ɓarke a can. Kasuwa aka ce baƙi su dakata, masallacin Juma'a ma haka. Takunkumin da kowa yake tsaki a kansa, ni shi ne gatana. In na rufe hanci da baki na ja hula, ni baƙin mutum ne kawai cikin baƙaƙe, ba wanda zai ce ga wane.

Da aka sassauta kulle Dakta ya kira ni, wai yana neman wanda zai tuƙa masa kwalekwale ya kuma ɗauke shi hoto, zai riƙa ba ni na cefane. Na tambaye shi me ya hana shi ɗaukar ɗalibansa, ga su nan zube a Danau Kota ba aikin fari. Ya ce yaran surutu gare su, ni kuwa ba ni da wanda zan gaya wa. Na ajiye wannan maganar a raina. Mutum ya zaɓe ka don ba ka da kowa, ai sai ka yi tunani. Amma tukunyata ba ta da labari, na ce to.

Bayan asuba yake zuwa ya ɗauke ni. Mu bar gari, mu bar kwalta, mu bi wata hanyar jar ƙasa ta cikin gonar kwakwar manja, sai ga wani tsohon ramin haƙar kuza da ruwa ya cika ya zama tafki. Tun a mota ya sa na kashe abin da yake nuna inda waya take. A bakin ruwan akwai wani dattijo ɗan ƙasa mai ba da hayar kwalekwale, Pakci ake ce masa, wato baffa. Su yi ta Malayanci da Dakta suna dariya, lokaci lokaci dattijon ya waiwayo ya dube ni. Ni Malayancina bai wuce makan da tapau da boleh ba, na cin abinci da na neman izini. Duk dariyar da suka yi sai in ɗauka da ni ake.

Kamun kifin nasa ma abin tuhuma ne. Mu a Wudil muna yara tana muke sa wa ƙugiya, mu jefa, mu zauna. Shi ba tana, ba ƙulli, ba komai da kifi zai ci. Gashin kaza ne da na barewa aka ɗaure a jikin ƙugiya da zare, aka yi masa siffar kwaɗo ko ɗan kifi, sunansa fulai. Sandar doguwa ce marar nauyi, zaren kuma mai kauri ne ruwan ɗorawa, shi ne yake da nauyin. Sai ya yi ta kaɗa shi gaba da baya a sama kamar mai korar tsuntsu a gonar shinkafa, sannan ya sake shi ya kwanta a kan ruwa. Ƙayar ƙugiyar ma ya danne ta da filaya, wai don kada bakin kifi ya yage. Ga tabarau mai kashe ƙyallin ruwa, ga rigar hana nutsewa da ya tilasta mini, ga 'yar raga mai mariƙi ta roba don kada ta kankare wa kifi santsi. Kifi ya samu gata.

Toman yake nema, ɗan'uwan tufinmu ne amma ƙato, baƙi mai ratsin shuɗi, da haƙora. Yakan taso ya shaƙi iska ya koma, to a daidai nan ake jefa masa. Aikina in riƙe kwalekwalen da filafili ba ƙara, kada in buga katako, kada in yi tari. Gaskiya ya iya, ba zan hana masa ba. Sai ya hango ɗan motsin da ni ban gani ba, kafin in ɗaga kai fulai ya sauka a wurin.

Hoto kuma sai da ya yi mini makaranta. In goge idon kyamara da gefen riga. Rana ta kasance a bayana. In durƙusa ƙasa ƙasa a cikin kwalekwalen, in saita a kan idon kifin, ba fuskarsa ba. Shi zai jiƙa hannu, ya tura hularsa baya don kada inuwa ta rufe shi, ya miƙo kifin gaba ya ɓoye yatsunsa, sai kifin ya ninka girmansa. In danna in riƙe, kyamarar ta yi ta ɗauka a jere, daga baya ya zaɓa. Yana da wata doka kuma: da an ɗago kifi daga ruwa sai ya riƙe numfashi, in numfashinsa ya ƙare to kifin ya koma, ko an samu hoto ko ba a samu ba.

Babbar dokar ita ce bayan hoton. Akwai turken lantarki a gabas, akwai wani tsauni mai tsage, akwai rumfar Pakci. Ko ɗaya kada ya fito. Sama da ruwa kawai. Ranar da kan turken ya leƙo a wani hoto, kallon da ya yi mini kamar na zagi mahaifinsa.

Na yi ta juya abin. Mutum ya zo wuri a ɓoye, ya kashe waya, ya hana a ga inda yake, ya kuma tafi gida hannu biyu. Na ce ko dai tafkin haramtacce ne, in 'yan sanda suka zo shi ya nuna katin kwaleji, ni a tafi da ni. Na tambaye shi kai tsaye. Ya yi dariya har sanda na rawa, ya ce ba haka ba ne, al'adar masu fulai ce. Suna da guruf a waya inda kowa yake sa abin da ya kama. In aka gane tafki a hoto, mako mai zuwa za ka tarar da motoci, a zo da raga a kwashe komai. Don ya nuna mini manyan mutane ne, sai ya shiga lissafa su: lauyoyi, likitoci, 'yan sanda, har da wani babba a shige da fice, abokinsa ne sosai, ba wanda ya kai shi iya ɗaura fulai.

Ya faɗi haka yana gyara zare. Ni kuwa filafilin ya yi mini nauyi a hannu.

Wata Asabar ya matsa sai na gwada jifa. Na ce ba na so, ya ce ai ba a zama a ruwa ba a jiƙe ba. Jifan farko na kama hulata. Na biyu zaren ya taru a gabana kamar taliya. Ina jan shi don in miƙa masa kayansa, ruwa ya fashe, sandar ta lanƙwashe. Ba iyawa ba ce, tsautsayi ne. Shi ya yi ta ba ni umarni, sassauta, ɗaga, kada ka bari ya shiga ciyawa, kuma shi ya sa raga ya ɗago. Kifin ya kai tsawon hannuna har kafaɗa. Dakta ya rikice da murna, ya jiƙa mini hannu, ya ɗora mini shi, ya fizgi kyamara. Sai da ya sa filafili ya juya kwalekwalen don turken lantarki ya koma bayansa. Wannan bai manta ba.

"Yaya, sauke takunkumin."

"Bar shi haka."

"Haba Yaya, kifin farko a ɗauke ka kamar ɗan fashi? Yi sauri, numfashinsa."

"Dakta, ka san halin da nake ciki."

"Ba wanda zai gani fa. Miƙo shi gaba."

Hannuwana biyu suna ƙarƙashin kifi. Ya miƙo yatsa ɗaya ya ja takunkumin zuwa haɓata, na ji kyamara tana ta ƙyas ƙyas ƙyas. Sannan ya karɓi kifin ya sa a ruwa, ya riƙe wutsiyarsa yana lallaɓa shi har ya farfaɗo ya tafi. Ya fi minti yana kallon inda ya nutse. Ni bai dube ni ba.

Na ce ya goge. Ya ce don Allah in bari, na tarihi ne, zai tura wa matata ta ga ina cikin ƙoshin lafiya. Na ce matata ta san kamannina. Da ya ga na ajiye filafili na naɗe hannu, ya juyo da kyamarar ya goge a gabana, ya ce shi ke nan ko? Guda ɗaya ya goge. Shi ya koya mini cewa in ka danna ka riƙe, a jere take ɗauka, kuma na ji ƙarar da kunnena. Na gaya masa haka. Ya ce sauran duk sun yi duhu, zai share su a gida. A hanyar dawowa ya tsaya a mamak, shagon abinci, ya yi mini tapau ɗin shinkafa in tafi da ita gida, na karɓa don yunwa ba ta san fushi ba.

Abin da ya tsaya mini shi ne wannan. Mutumin nan ya san a ɓoye tsauni. Ya san a ɓoye turke. Ya yi wa kwalekwale juyi guda don kare ramin kuza, amma fuskar mijin yayar matarsa da takardarsa ta mutu, ita ce ya buɗe da yatsa. In mugunta ce, to. In kuma rashin tunani ne, wannan ya fi ba ni tsoro, don marar tunani ba ya sanin ranar da ya sayar da kai.

Cikin makon ya aike ni wani kedai, wato shago, na kayan kamun kifi in karɓo masa zare. Ina shiga, da takunkumina da hulata, mai shagon, wani ɗan Sin mai furfura, ya dube ni ya buɗe hannuwa iya faɗinsu, ya ce toman, ya ɗaga mini babban yatsa. Wasu mutum biyu da ke duba sanduna suka waiwayo. Ɗaya askinsa irin na masu kaki ne. Ban tsaya karɓar canji ba.

Na kira Dakta daga bakin titi. Ya rantse bai sa a guruf ba. Wai da baki ya ba mai shagon labari, ya kuma gaya masa ɗan'uwansa zai zo, to baƙaƙe nawa ne suke shiga shagon fulai? Maganar ta hau. Abin haushin ke nan, kullum maganarsa tana hawa. Na ce ya ba ni wayarsa in duba guruf ɗin da idona. Ya ce wannan kuma cin fuska ne, akwai sirrin mutane a ciki.

Daga ranar ban ƙara zuwa tafkin ba, ban kuma ƙara samun sukuni a Chow Kit ba. Takalmi ya taka matakalar bene sai in miƙe. Mai kayan miyan ƙasa ya gaishe ni da fara'a sai in ce me ya gani. Babbar mota ta tsaya a layinmu, ko ta kaji ce, sai na leƙa. Ban san ko babban nan na shige da fice ya ga hoton ba. Ban san ko akwai hoton ba ma. Amma na san in aka zo, a kwalta za a zaunar da ni, a gaban mutanen da na yi shekaru ina ɗaure wa kaya.

Da gwamnati ta buɗe ƙofa ga masu matacciyar takarda da suke son komawa gida da ƙafarsu, na ce zan tafi. Matata ta yi kuka a waya, ta ce in dawo in yi me, jirage sun kusa tashi, matan kago za su dawo. Ƙanwarta ta kira ta ce na ɗauki abu da zafi. Dakta da kansa ya hawo benena, ya zauna a kan buhun kaya, ya ce wallahi shi bai nufe ni da komai ba.

"Yaya, saboda kifi ɗaya za ka bar garin nan?"

"Buɗe wayar in gani."

Ya dubi wayar, ya dube ni, ya mayar da ita aljihu. Ya ce in na shirya zuwa ofishin shige da ficen in gaya masa, zai kai ni a mota.

Ban gaya masa ba. Na sa fasfo a aljihun gaba, na hau jirgin monorel, na canza na ƙasa, na je ofishin na tarar layi ya fito har waje. Na tsaya a bayan wani ɗan Nepal mai jakar leda. Yanzu na dawo Kano, ina Kantin Kwari, ina ɗaure wa wasu dila.