Cyril Hartery, Mai Saita Mana Fitila

Ranar Lahadi, goma sha biyu ga watan Nuwamba, jim kaɗan bayan an tashi daga coci, Allah ya karɓi ran Cyril Hartery a gidansa na bakin teku a nan St. Cormac's, yana da shekara saba'in da takwas. Matarsa Bride ce ta bugo mini waya. Ba ta ja zance ba, ta ce, "Loretta, Yayan naki ya tafi." Yaya nake kiransa, ko da yake ba jini ya haɗa mu ba. Na ajiye wayar na zauna kusa da murhu, na rasa ta inda zan fara gaya wa mijina Gus, ashe shi tun daga kujerarsa ya karanta fuskata. Wanda ya ba mu aronka ya karɓi abinsa, Cyril, ba mu da ta cewa.

Ba zan rubuta cewa kai mutum ne mai sauƙin sha'ani ba, domin duk garin nan za su yi mini dariya. Surutu gare ka, da gardama, da cika baki. Ka daɗe kana tuƙa motar makaranta a kan hanyar nan tamu, kuma har ka koma ga Mahaliccinka ba ka yarda an taɓa haihuwar direba kamarka a gaɓar nan ba. Wanda ya tsaya gaishe ka yana sauri ya shiga uku. Amma ban san gidan da ba ka taɓa shiga da akwatin kayan aikinka ba, kuma ban taɓa jin an ce ka jira a roƙe ka ba.

Abin da kowa zai fi tuna ka da shi shi ne bangon nan. Duk watan Oktoba, idan yini ya fara gajarta, sai ka aika gida gida cewa a kawo motoci bayan tsohon siton kifi da magariba. Nan kowa ke jera a-kori-kurarsa, kai kuwa ka manna salatif a jikin farin bangon daidai tsayin fitila, ka sa a ja baya, a kunna, ka duƙa da sukuddireba kana juya saiti har hasken ya sauko inda kake so. Dokarka ita ce a kawo mota yadda take aiki. Mai ɗibar itace ya zo da itacensa, mai kamun ƙaguwa ya zo da kejinansa, domin idan kaya suka danne baya, gaba ɗagawa yake, sai fitila ta bar kwalta ta koma cikin idon mai tahowa. Shi ma direba dole ya zauna a kujerarsa. Na taɓa fitowa in ba ka wuri, ka daka mini tsawa, "Koma ki zauna, ƙanwata, ai ke ma kaya ce, kuma ba ƙarami ba!" Na yi sati ba na amsa gaisuwarka, kai ko a jikinka.

Ba ka taɓa kama gilashin sabon ƙwan fitila da yatsa ba. Ka ce maiƙon hannu ne ke kashe shi da wuri, don haka safa mai tsabta kake sakawa a hannu, kuma safar Bride ce kullum. Ita ce ta sha gaya mana cewa tun da ta aure ka ba ta mallaki safa biyu masu kama da juna ba.

Ni kuwa abin da ka yi mini ya wuce na bango, kuma shi nake so in faɗa.

Shekaru kaɗan da suka wuce ƙodar Gus ta daina aiki. Likitoci suka sa masa wankin ƙoda duk Litinin da Laraba da Juma'a a asibitin birnin St. John's. Shi ba ya iya tuƙi kuma, sai ni. Da asuba muke fita, mu ratsa filin nan da ba gida ba bishiya, inda hazo ke tasowa daga teku ya kwanta a kan hanya, inda kuma mus, manyan bareyin dajinmu da suka fi doki tsayi, ke tsayawa a tsakiyar kwalta kamar ta gadonsu. Fitilun tsohuwar motarmu sun dushe. A shekarar ban kai ta bango ba, hankalina duk yana asibiti.

Ɗanmu Darrin yana aikin mai a Alberta, can nesa a yammacin ƙasa. Da ya zo hutu ya ga yadda nake leƙen hanya, sai abin ya dame shi. Ya sayo ƙwayayen fitila irin na yayi, farare fat masu ɗan shuɗi, ya saka da hannunsa a fitilun gaba da na hazo duka. Da ƙauna ya yi, kuma a can inda yake, inda iska a bushe take, su kowa ke sakawa. Safiyar farko gari a washe yake, na ga hanya tar har na yi ta sa masa albarka. Bayan ya koma ne hazo ya sauko. Ina kunna wuta sai gabana ya zama fari ƙal, ba layi, ba gefen hanya, ba komai. Na ƙara wuta, abin ya ƙara muni. Ina ta rarrafe da motar a haka, sai kawai ga ƙafafun mus dab da bamba. Na taka birki, motar ta zame ta faɗa kwalbati. Allah ya tsare, ba wanda ya ji ciwo, amma da muka dawo gida na ajiye makulli a kan tebur na ce na gama tuƙi. Tsoro ne ya shige ni har ɓargo, kuma na ɗauka idona ne ya ƙare.

Darrin ya bugo waya ya ce a sayar da gida, ya kama mana ɗaki a bene kusa da asibiti. Maganarsa da hankali a ciki. Gus ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "A gidan nan aka haife ni. In dai bene za ku kai ni, ku bar wankin kawai, ba sai kun wahala ba." Na san mijina, ba barazana yake ba. Ga ni a tsakani: in na tuƙa ina tsoron in kashe mu duka, in na ƙi tuƙi sai mun tashi, in mun tashi Gus zai daina magani. Maƙwabta suka riƙa karɓa-karɓa suna kai shi, amma kowa da nasa aikin, kuma duk mun san abin ba mai ɗorewa ba ne.

A cikin haka ka shigo mana ba sallama, yadda ka saba. Ba jaje ka zo yi ba.

"Direba, an ce kin yi ritaya."

Na ce, "Yaya Cyril, idona ne ya mutu."

"Idonki? Wanda ke hango laifin mutane daga nan har ƙofar coci? Miƙo makullin, don Allah, kada ki ɓata mini lokaci."

Ba ka taɓa motar ba sai da ka jira ranar da hazo ya rufe gari. Ka sa ni na zauna a kujera na kunna, farin nan ya sake tashi a gabana. Ka leƙo ta taga ka ce hazo ruwa ne a tsaye, in ka watsa masa farar wuta mai ƙarfi daga sama, dawo maka da ita yake cikin ido. Ka cire ƙwayayen Darrin ka naɗe su da kyau. Ka goge murafen fitilun gaba da suka yi duhu har suka fito fes, ka saka musu sababbin ƙwayaye irin waɗanda aka ƙera gidan fitilar dominsu, masu haske fiye da tsofaffin amma ba masu kashe ido ba. A ƙananan fitilun hazo na ƙarƙashin bamba kuwa ka saka masu ruwan ɗorawa. Sannan ka ɗora keken guragun Gus da buhunan yashin da muke sakawa a baya lokacin ƙanƙara, muka nufi bango. Ka sunkuyar da fitilun ɗorawar har sai da suka kwanta a ƙasa, ka ce ba nesa za su nuna mini ba, farin layin gefen hanya za su riƙe mini, shi kuma ya kai ni. Da muka hau kwalta na ga layin nan yana fitowa daga ƙarƙashin hazo, sai na tsaya a gefe na yi kuka. Ka ce in na gama in gaya maka, shayinka na hucewa.

Ka san fitila kaɗai ba za ta cire mini tsoro ba. Litinin da asuba muka tarar da kai a bakin ƙofa da fulas ɗin shayi da burodi shafe da maɗin rake. Ka shige tsakaninmu a kujerar gaba, ka yi ta zuba tun daga nan har birni. Haka ka yi ta binmu har makonni. Gus ya ce da a ci gaba da wannan surutun gara mus ta zo ta ƙarasa shi. Wata safiya sai ba ka fito ba, ka aiko cewa bayanka ke ciwo. Na tafi ni kaɗai da Gus, muka je muka dawo lafiya. Daga baya Bride ta tona maka asiri, ta ce ba abin da ya sami bayanka, a taga ka tsaya da rigar barci kana kallon wutarmu har ta sha kwana.

Kai da kanka ka buga wa Darrin waya, don kada ya ji daga bakin wani ya ɗauki laifin ya ɗora wa kansa. Ka ce masa, "Ɗana, ƙwayayenka masu kyau ne, na ajiye maka ka saka a taka motar. Ka daɗe a ƙasar da ba hazo ne, ka manta da halin gida." Bai daina zancen sayar da gidan ba, duk zuwansa sai ya tayar da shi, amma ya rage matsawa, Gus kuma ya ci gaba da zuwa wanki.

A watan jiya ciwo ya riga ya ci ƙarfinka. Duk da haka ka sa aka ɗauko ka a kujera aka lulluɓe ka da bargo a gindin bango, kana nuni da sanda, kana zagin manyan magidanta masu furfura a kan sun karkace salatif. Muka yi ta dariya, kowa yana kauce wa idon ɗan'uwansa, don mun san abin da muke gani.

An sa jana'izarka ranar Laraba da hantsi, ranar wankin Gus. Na nemi a sauya mana rana, injinan duk a cike suke. Gus ya ce a tsallake wanki ɗaya ba zai mutu ba. Na je wurin Bride ranar Talata a zaman makoki, na gaya mata. Ta kama hannuna ta ce, "Ke, rufa mini asiri. In ya ji an bar Gus ba wanki saboda shi, daga cikin akwatin nan zai taso ya dasa mini surutu. Shekara hamsin ina sha, ki bar ni in huta. Ɗauki mijinki ku tafi." Tana faɗa tana dariya, hawaye na bin kumatunta.

Hazon safiyar Laraba ban ga irinsa ba a bana. Da muka zo daidai coci, inda gawarka ta kwana, na rage gudu, Gus ya cire hularsa, muka wuce. Ban ga tsauni ba, ban ga teku ba, amma layin gefen hanya bai ɓace mini ko sau ɗaya ba har birni. A lokacin da ake saka ka a ƙasa, Gus yana kwance jikin inji, ni kuma ina zaune cikin motar a harabar asibiti, na kifa kaina a sitiyari. Darrin ne ya tsaya mana. Ya taso daga Alberta, yana cikin waɗanda suka ɗauki akwatinka.

Da muka dawo da yamma hazon bai ɗaga ba. Muka tarar da Darrin tsaye a bakin ƙofa da baƙar kwat ɗinsa, ya daɗe yana jira. Ya ce tun daga kan tudu ya hango wutar ɗorawa biyu suna gangarowa a hankali, ya san mu ne. Ya sauke keken babansa, ya tura shi har ciki, sannan ya fito ya ɗaga kai yana duban saman gidan. Ya ce, "Mama, rufin nan ba zai ƙara shekara biyu ba. In bazara ta yi zan zo da kwano mu sake shi."

Ban yi maka ban kwana a bakin kabari ba, Yaya Cyril, shi ya sa na rubuta wannan. Allah ya jiƙanka, ya yafe maka kurakuranka, ya haskaka makwancinka, ya karɓe ka cikin salama. Ina miƙa ta'aziyyata da ta Gus da ta Darrin ga Bride, da 'ya'yanku Carmel da Noreen, da jikoki, da ƙanenka Leo, da dukan mutanen St. Cormac's. Allah ya ba mu haƙurin rashinka, ya sa mu cika da kyau idan tamu ta zo. Gobe Juma'a, da asuba za mu fita.