Fararen Ƙyallayen da Na Tace Awara da Su

Shekarar da na fara sana'ar awara, ranar kasuwar Matameye na tarar da wani mutum ya baje fararen ƙyallaye, yankakku, duk girmansu ɗaya, ga araha. Na ce na samu abin tata. Na sayi goma, maƙwabciyata mai jego ita ma ta ɗiba don ƙunzugun jaririyarta. Suna da wani wari mai hawa kai, mai kayan ya ce warin sabon kaya ne.

Na wanke biyu, na yi kwana biyu ina tace waken awara da su. Sauran na ajiye kan turmi kusa da murhu. Rana ta uku da hantsi, yayana mai fentin motoci a gareji ya shigo mu gaisa. Ina iza wuta, tartsatsi ya faɗa kan ƙyallayen. Bup! Wuta ta tashi har tsayin ƙirjina. Ya watsa musu ƙasa, ya ɗauki ɗayan da ya tsira ya shinshina, sai na ga fuskarsa ta canza.

"Me kike yi da wannan?"

"Tata nake yi, Yaya."

"Abincin mutane? Inna lillahi!"

Ya ce ƙyallen goge injina ne na masana'anta, ya sha ruwan tsinka fenti. Inda ake bin doka, cikin duro mai murfi ake tara shi, a kai wurin ƙonawa ko wankin musamman. Sabulun gida ba ya fitar da shi.

Na tuna duk wanda na miƙa wa awara, har tsohon da ya ce ta yi masa ɗaci, ni kuwa na yi dariya. Ko takalmi ban sa ba na ruga gidan maƙwabciyata. Muka kwance jaririyar, cinyoyinta sun yi jajir. Uwar ta ɗauka ƙurajen zafi ne.

Aka kai jaririyar wurin likita, ta warke cikin mako. Yayana ya sanar da ma'aikatan tsabta, ranar kasuwa suka kwashe buhunan mai ƙyallayen. Yana ta rantsuwa shi ma saya ya yi, bai sani ba, kuma na yarda da shi. Ni na zubar da waken da na jiƙa, na bi gida gida ina faɗa wa masu saye abin da ya faru. Wasu sun dawo, wasu har yau ba su dawo ba.