Hancin Ƙyale-su

Cikin duk ranakun da na yi ina aikin malamin dabbobi, wadda ta ƙi fita raina ita ce ranar da muka je duba gidan Baba Ɗanlami, a wani ƙauye da ke bayan Zakirai. Lokacin ina mataimakin jami'in lafiyar dabbobi, wato mai riƙe ƙafa da ɗaukar akwatin allura, ritaya kuma ta fara leƙo ni.

A shekarar aka tsaurara doka: duk mai ajiye dabbobin mutane yana kula da su sai ya karɓi lasisi. Kafin a ba shi kuwa sai mun je mun ga wurin kwana da ruwan sha, mun kuma yi wa kowane kare rigakafin ciwon hauka. Mu da muka saba da shanu da awaki, sai ga mu muna bin karnuka gida-gida.

Sana'ar Baba Ɗanlami ke nan. Idan damina ta faɗi, mafarauta sun koma gona, sai su kawo masa karnukansu ya riƙe har kaka, su sallame shi da hatsi. Dattijo ne, Kirista, ba shi da ƙarfin noma, da wannan yake ci da iyalinsa. Matsalar ita ce mafarautan yankin sun yi imani allura tana kashe hancin kare, ba ya ƙara bin sawun zomo. Sarkin Baka, shugabansu, ya gaya masa ƙiri-ƙiri cewa ranar da allura ta taɓa karensu, ranar za su kwashe kayansu. Mu kuma mun ce in babu allura za mu rufe wurin.

Muka isa da hantsi, ni da shugabata Dakta Binta, ana zafin nan mai nauyi na gabanin ruwa. Baba ya tarbe mu da tabarma da fura, Sarkin Baka na zaune gefe ya sha kunu. Wuri tsaf, an share har da yayyafa ruwa. Turaku sun cika rumfa, amma kare ɗaya tak muka tarar, wata tsohuwar karya mai furfura a baki, sunanta Ƙyale-su.

"Baba, ina sauran?" in ji Dakta.

"Ai bana kasuwa ta mutu, 'yata. Wannan ma tawa ce."

Na dubi kwanukan abinci da aka jera a bakin danga, kowanne da sauran tuwo a jiki. Na ce, "Lallai Baba, Ƙyale-su akwai ci. Ita kaɗai da waɗannan kwanuka haka?"

Ya ce ai tsufa ne, ba ta son maimaita kwano.

Dakta ta danne dariya, ta ce to a fara da wadda ake gani. Baba ya durƙusa ya rungume wuyan karyar, yana yi mata magana a kunne kamar mai rarrashin jika. Na tsira mata allura, ko motsi ba ta yi ba, shi ne ma ya runtse ido. Sarkin Baka ya girgiza kai ya ce, "Shi ke nan, an gama da ita. Yanzu ko tsire aka ajiye a gabanta sai dai ta ɗauka dutse ne."

Ana kwance mata igiya, Ƙyale-su ta sa hanci a ƙasa. Ta zaga rumfar, ta bi ta kafar danga, ta ratsa gonar gero, mu kuma muna biye, Baba na kiranta da wata murya da ban san yana da ita ba. Ba ta tsaya ba sai a ƙofar wani ɗakin harawa mai rufin kwano, a kangon gidan ƙaninsa. Ta hau tonon ƙofar tana kuka. Ashe yawancin karnukan da ake kawo masa 'ya'yanta ne da jikokinta.

Na juya na ce, "Sarki, allurar tamu fa kamar ba ta kama ba."

Da aka buɗe ƙofa, dariyar ta tsaya mini a wuya. Karnukan na kwance a kan harawa, an ɗaure wa kowanne baki da tsumma don kada mu ji haushi. Ku da kuka shigo aiki kwanan nan ku riƙe wannan: kare ba ya gumi irin namu, da harshe yake fitar da zafi. Ka ɗaure masa baki a ƙarƙashin kwano, ka hana shi iska ke nan. Wani matashin kare ja har ya daina ɗaga kai.

Baba bai jira umarnin kowa ba. Da hannunsa ya kwance su, ya sungumi jan ya kai inuwa, muka yi ta jiƙa masa ciki da tafin ƙafa. Baba kuwa yana ta cewa, "Ni na yi maka, ni na yi maka." Na ji tausayinsa ƙwarai. Sarkin Baka ya tsuguna a gefen karen, don nasa ne. An daɗe kafin karen ya lashi ruwa.

A doka, Dakta na da ikon rufe wurin nan take. Ta dubi mutanen biyu ta ce, "Baba, lasisi sai na dawo na ga kowa a rumfa, baki a buɗe. Sarki, hanci dai ka gani da idonka."

Sarkin Baka ya ce, "Na yau na gani, Likita. Na rani sai rani ya zo." Amma shi ya riƙe mini jan karen na yi masa allura, sauran suka biyo baya. Baba ya samu lasisinsa kafin a yi girbi.

Abin da na koya shi ne, a aikin nan ba kasafai za ku gamu da mugu ba. Wanda za ku fi gamuwa da shi mutum ne mai son dabbarsa, tsoro ya sa ya cuce ta. In kun je gida kun ga turaku babu karnuka, kada ku fara da zancen rufewa. Ku fara tambayar mai gidan abin da aka gaya masa game da allurarmu, kuma ku yi sauri, don wataƙila akwai wanda ke kwance a bayan wata ƙofa yana jiran ku gama gaisuwa.