Kar a Kwashe, Gwauro Na Ci

Har gobe ban manta da ranar da na ɗauke faranti huɗu daga kan tebur aka ce na kashe wa mutum aure ba. Ku da kuka shigo aikin nan bana, ku aje tire ku saurara.

Lokacin ina aiki a shantiye, wato sansanin masu gyaran hanya, can bayan Djougou ta wajen Kolokondé. Daga wani otal a Parakou aka ɗauko ni aka ba ni ɗakin cin abinci. Kuku na girki, ni ina kaiwa tebur ina kwashewa. A samana akwai shef, wato shugaban sansani, Misye Bio, a samansa kuma darekta, wanda ke zaune Parakou. Dokar Misye Bio ɗaya ce: duk wanda ya aje cokali, a ɗauke farantinsa nan take, saboda ƙuda. Ni ma haka aka koya mini a otal, hannuna ya riga ya saba.

Sai aka kawo mana makanikai biyar 'yan Filifin, masu gyaran manyan injuna. Mutanen kirki, amma cinsu, kai jama'a! Shinkafa da safe, shinkafa da rana, shinkafa da dare. Ka ba su sakwarar Djougou mai laushi, su cinye, su yaba, sannan su tambaye ka ina abinci. Ba ruwansu da wuƙa, da gefen cokali suke yanka nama. Ɗanyen mangwaro, wanda ko akuya sai ta yi shawara, shi suke dangwalawa a wani jiƙaƙƙen jatan lande mai gishiri, in an buɗe kwalbar, daddawa ma turare ce. Babbansu, Rodel, ya taɓa aikena kasuwar Partago neman ƙwan agwagwa wanda ɗan ciki ya fara gashi, wai a dafa a ci da gishiri. Mai agwagin ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Malam, wane boka ne ya aiko ka?"

Amma fa ko mai gadi ya gifta suna ci, sai sun kira shi. Yankan nama na ƙarshe kuma kowa kunyar ɗauka yake. Nan na ce, a'a, waɗannan 'yan uwa ne.

A cikinsu akwai Jun, ya haura arba'in, bai taɓa aure ba. Yana neman wata malamar makaranta a ƙasarsu, Marites, har an kusa sa rana. Jun akwai sanyin ci. Kifi ɗaya sai ya bi shi ƙaya-ƙaya, wasu sun gama sun sha ruwa shi bai juya ɗaya gefen ba.

Da farko a gareji suke ci, ina kai musu a kula. Ranar da ruwan sama ya koro su ɗakin cin abinci, huɗu suka gama, sai na yi abin da na iya. Fat-fat-fat, na haɗa farantai na ɗora a hannu, har ina jin kaina. Sai Jun ya tsaya da cokali a sama, baki buɗe. Rodel ya miƙe ya dafe kai, ya ce da guntun Faransancinsa, "Alasan! Me ka yi?"

Na ce, "Aikina."

Ya ce a wajensu ba a kwashe tebur marar aure na ci. In aka kwashe, shi ke nan, ya dawwama gwauro. Na yi maza na mayar da farantan. Suka girgiza kai, wai an riga an ɗaga. Ni dai na koma kicin na yi dariya har da hawaye.

Kashegari dariya ta ƙare. Marites ta bugo waya ta ce a dakata da maganar, mahaifiyarta ta ce ba ta ba da 'ya ga mutumin da sai a waya ake ganinsa. Jun ya daina cin shinkafa. In kun ga ɗan Filifin ya ture shinkafa, to ku nemi likita.

Ni na san aure nufin Allah ne, faranti ba ya ɗaurawa ba ya kwancewa. Amma wallahi tausayinsa ya kama ni, kuma mu ma kakata hana 'yan mata cin abinci a tukunya take, wai ruwa zai ɓata musu biki. Na je wa Misye Bio da maganar. Ya ce, "Alasan, doka doka ce. Ƙuda bai san gwauro ba." Sai na samo mafici. Duk ranar da Jun ke tsakurar abinci, ina tsaye kan farantan da aka gama ina kore musu ƙuda. Misye Bio ya gani, ya yi tsaki ya wuce.

Ana haka darekta ya zo rangadi, ya zauna teburin makanikai don jin labarin wani inji da ya tsaya. Ya gama ci, ya ɗauko taswira zai baza, ya ɗaga mini yatsa ya ce, "Kwashe mana."

Na dubi Jun, yana rabin kifi. Na dubi Misye Bio, idonsa kamar zai faɗo. Sai na rusuna na ce, "Ranka ya daɗe, a yi haƙuri. Akwai gwauro na ci."

"Akwai me?"

Rodel ya kwashe labari ya faɗa masa, tun daga farantai har wayar Marites. Darekta ya yi dariya har yana bubbuga tebur. Sannan ya naɗe taswirarsa, ya jawo farantinsa gabansa, ya ce wa Jun, "Ci a hankali, muna jira." Can ya tambaye shi yaushe rabonsa da gida. Jun ya ce tun kafin wannan aikin yana wata ƙasar, daga can aka wuto da shi. Darekta ya juya ga Misye Bio ya ce a rubuta masa hutu ya je surukarsa ta gan shi ido da ido, inji ya jira.

Jun ya tafi, ya dawo da zobe a yatsa da ƙiba a kumatu. Cinsa na farko, na bari sai da ya kai tsakiyar kifi, na sa hannu na zare farantin daga gabansa. Ya yi ihu, "Alasan!" Na ce, "Ai yanzu kai magidanci ne, doka ta hau kanka." Har Misye Bio sai da ya dara.

Abin da na koya ke nan a aikin nan: kwashe faranti kowa ya iya, amma kafin ku miƙa hannu, ku dubi wanda ke zaune, don ba ku san abin da ya zo da shi tebur ba. Kai kuma Nuhu da kake ta ƙyaƙyata, shekara talatin ko zance ba ka zuwa, zauna ka ci abincinka a natse. Na riga na gaya musu kar wanda ya taɓa tebur sai ka tashi.