Gaishe-gaishen Malam Hodi

Takardar da Malam Hodi yake karanta yabo a cikinta ta girme ni. Na gan ta kusa ne lokacin da nake koyon aiki a wani gidan rediyo mai zaman kansa a Birnin Kebbi, inda nake gyara wa baƙi makirfo. Yabon bai taɓa sauyawa ba. Sunan da ke sama ne kawai aka soke sau biyar, kowanne da irin bironsa.

Mutumin Argungu ne. A zamanin soja shi ke riƙe lasifika a bayan motar yaɗa labarai, yana zaga ƙauyukan fadama yana faɗin abin da aka ce ya faɗa. Da farar hula suka dawo, sai ya shiga sahun sojojin baka, masu hawa rediyo su wanke ubangidansu su zagi na wani. Gidajen rediyo suka gane filin siyasa ne ke zuba wa janareta mai. 'Yan siyasa kuma suka gane ciyar da bakin Hodi ya fi gyaran hanya sauƙi. Yanzu har ta waya yake tura murya, amma bai daina zuwa ɗakin shiri ba, saboda akwai na'urar sanyaya ɗaki.

Wata Laraba cikin Yuli Baiwa ta zo. Manomiyar shinkafa ce daga wani ƙauye bayan Argungu, mijinta ya rasu. Jingar ƙasa da ke tare musu ruwan gulbi ta tsage. Idan ba a turo motar tura ƙasa kafin gulbi ya cika ba, shinkafar gida arba'in za ta nutse, har da tata. Shugaban shirye-shirye ya ba ta minti goma kyauta. Da yake ba ta taɓa magana a rediyo ba, aka ce Hodi, mutumin yankinsu, ya gabatar da ita.

A irin wannan fili ba a shiga magana sai an gai da manya. Hodi ya fara. Ya gai da masu girma ɗaya bayan ɗaya, kowa da sarautarsa da kirarinsa. Ya gai da iyalansu da direbobinsu. Ya ce ya tsallake wani kansila, ya nemi gafara, ya koma baya. Duk wannan idonsa na kan agogon bango. Sau biyu Baiwa ta buɗe baki ta rufe, don ba a katse mai gaisuwa. Ni ma ban katse ba.

Saura daƙiƙa ashirin ya ce ga 'yar'uwa ta zo godiya kan takin zamani. Tana yin sallama kiɗan labarai ya hau kanta.

A bakin ƙofa ta tare shi.

"Malam Hodi, mi na yi maka? Gonar ƙanenka na cikin waɗanda ruwa za ya ci."

"Haba Hajiya, ai an ji muryarki har Yawuri."

Ya ce ba a tona wa manya asiri a bainar jama'a, shi da kansa zai kai maganar inda ta dace. Ta tambaye shi yaushe. Ya ce in sun dawo daga Abuja.

Ta hau kabu-kabu zuwa tasha. Shi kuwa ya zauna a benci gindin dogonyaro, ya kira mai yankan farce, ya cire takalmi ya miƙa masa ƙafar dama.