Baba Kari da Mutumin Baƙin Labule

Babanmu mai wanki da guga ne, shekara talatin da takwas ke nan yana tsaye gaban tebur ɗaya. Duk layinmu Baba Kari ake ce masa, saboda idan ya sa wa wando kari, sai a wanke shi sau biyu karin bai gama ɓacewa ba. Shagonsa ɗaki ne guda mai ƙofar ƙarfe. A ciki akwai teburin da aka shimfiɗa wa tsohon bargo da farin zane, da igiyoyi uku na rataye kaya, da dutsen guga biyu, na lantarki da na gawayi. Na gawayin yake kira Babban Yaya, wai shi ba ya tafiya hutu in an ɗauke wuta. Da wannan teburin ya yi mana makaranta mu biyar. Ni ce ta uku, ina aikin jinya.

Bai taɓa rubuta suna a jikin kayan kowa ba. Kallo ɗaya zai yi wa riga ya gaya maka mai ita, har ya ƙara da cewa mutumin ya fara ƙiba, maɓalli na uku yana shan wuya.

Jikin shagonsa akwai shagon Mai Walda. Ba yarenmu ɗaya da shi ba, ba addininmu ɗaya ba, amma fiye da shekara ashirin, da ƙarfe goma na safe ta yi, sai su ajiye aiki su zauna kan benci ɗaya su sha shayi suna musun ƙwallo. Ba su taɓa goyon bayan kulob ɗaya ba, ko da kuskure. In hannun Babban Yaya ya karye, Mai Walda ke liƙe shi. Kayan da Mai Walda ke sawa ranar ibadarsu kuwa, Baba ke goge su.

Abin da ya biyo baya ni na jawo shi. Rediyon Baba ya mutu, sai na sayo masa babbar waya domin ya riƙa sauraron wani abu yana aiki. Makon farko ƙwallo kawai yake kallo, sai bidiyon wata akuya da ke hawa mota, wanda ya nuna wa duk wanda ya kawo wanki. Daga nan Baffa, ƙaninsa, direban babbar mota, ya saka shi cikin wani zaure na waya, ya kuma turo masa bidiyo.

Wani mutum ne zaune gaban baƙin labule, muryarsa da daɗin ji, yana magana yana nuni da yatsa. Cewa yake mutanen da ba namu ba sun shirya ƙwace kasuwa da unguwanni, kada a saya a hannunsu, kada a gaishe su, dariyar da suke yi mana duk ta yaudara ce. Ya nuna hoton wata kasuwa tana cin wuta, ya ce aikinsu ne. Baba mutum ne da ba ya barin abu a rabi, don haka ya kalla har ƙarshe. Yana ƙarewa wayar ta miƙo masa wani, ya kalla, ta sake miƙo wanda ya fi shi zafi.

Cikin mako uku sai ga Baba yana shan shayinsa a tsaye cikin shago. Inna ce ta fara lura. Ta kira ni a waya ta ce, "Ki zo ki duba ubanku. Jiya da kujera na same shi yana faɗa, wai wa ya ajiye ta a hanya. Kujerar nan tun kafin a haife ki take wurin."

Ban samu zuwa ba sai da abin ya kai inda ya kai. Ɗiyar Mai Walda ta gama jami'a, za a ba su takardar shaida, sai ya kawo farar rigarsa da wando a goge masa. Baba bai ɗago kai ba, ya ce aiki ya yi yawa. Mai Walda ya dubi igiyoyin, riga huɗu ce kawai a rataye. Ya ɗauki kayansa ya fita.

Washegari da safe Baba yana buɗe shago ya hango shi ya fito zai tare mota. Ashe Mai Walda da kansa ya yi gugar. Wandon kari biyu a ƙafa ɗaya, kowanne ya nufi gabansa, wuyan rigar ya tanƙware, ga kuma shatin dutsen guga jawur a ƙasan baya. Baba ya ce mini daga baya, duk maganganun da ya ji cikin mako ukun nan babu wadda ta soke shi kamar ganin wandon nan.

Ya ce, "Maƙwabci, zo nan. Cire rigar nan."

Mai Walda ya ce, "Na makara."

"Ka makara ɗin. Da wannan za ka tsaya kusa da yarinyar nan a ɗauke ku hoto? A ce kana layi ɗaya da ni?"

Haka Mai Walda ya tsaya cikin shago daga shi sai singileti da zanen teburin guga a ƙugu, Baba yana yayyafa ruwa yana gyara ɓarna. Ƙunar ba ta fita, sai ya koya masa yadda zai tura ta cikin wando. Da ya gama, Mai Walda yana sa maɓalli ya ce, "Na ɗauka aiki ya yi yawa."

Baba ya ce, "Ba aiki ba ne, kaina ne ya ɗauki zafi. Je ka, ka gaishe mini da 'yar tawa."

Ran nan da la'asar ya aika aka kira ni. Ya ajiye wayar kan tebur kamar wadda ta yi laifi, ya ce, "Wa ke zaɓa wa abin nan abin da zai nuna mini?" Na yi masa bayani daidai iyawata: masu dandalin bidiyon so suke ka daɗe kana kallo, na'urarsu kuwa ta gane abin da ke tunzura mutum shi ya fi riƙe shi, don haka duk abin da ka tsaya a kai, irinsa za ta ƙaro maka. Sai ya ce, "Wato ni ne gawayin, ita tana fifita."

Muka bi sawun hoton kasuwar. Ashe a wata ƙasa ce can da nisa, shekara tara da suka wuce, kuma wayar lantarki ce ta haddasa gobarar. Na nuna masa inda ake danna "ba na son irin wannan" da inda ake kai ƙara. Ya ɗauki abin kamar aikin albashi. Kullum da safe, kafin gawayi ya kama, sai ya kai ƙarar bidiyo biyar. Yawanci amsar da ke dawowa ita ce sun duba, bai saɓa ƙa'idarsu ba. Ya ce ko dai masu dubawar ba su jin yaren, ko kuma kunnensu na da ciwo. Sau ɗaya aka rufe shafin mutumin, Baba ya sayi lemo ya raba wa layi. Bayan kwana huɗu mutumin ya dawo da sabon suna. Baba ya ƙura wa bidiyon ido ya ce, "Labulen dai shi ne. Har yanzu bai goge shi ba."

Daga nan ya ga kai ƙara kaɗai ba za ta wadatar ba. Ba ya iya rubutu da sauri, don haka da murya yake aikawa cikin zauren. Duk wanda ya turo labari mai zafi, sai a ji Baba cikin sanyin murya: "Sannu da ƙoƙari. Wa ya faɗa? A ina aka yi? Yaushe?" Ba ya zagi, ba ya gajiya. Baffa ya zo har shago a fusace.

"Yaya, kana ba ni kunya cikin mutane. Kai ba ka san abin da ake ciki ba, mu da ke yawo mu muka sani."

Baba ya ce, "To gaya mini wanda ka gani da idonka."

"Ai ba sai na gani ba."

"Bara da ƙarfen motarka ya tsage a kan tudu, wa ya ɗauki injin waldarsa a tasi ya bi ka har can?"

Baffa ya ce, "Shi daban ne."

"To duk wanda ka sani daban ne, wanda ba ka sani ba ne mugu?"

Baffa ya tafi ko sallama babu, da yamma ya cire yayansa daga zauren. Washegari wani mai kantin magani da ke zauren ya mayar da shi, wai zauren ya yi shiru ba shi.

Bidiyon da Baba yake yi da kansa kuwa ba da shiri aka fara ba. Wata mata ta tambaye shi yadda ake fitar da tawada daga aljihu, ya ga bayanin ba zai yiwu da baki ba, sai ya jingina wayar da gwangwanin sitaci ya nuna. Ana cikin ɗauka Mai Walda ya leƙo da kofin shayi yana tsokanarsa kan wasan jiya, suka hau musu, aka manta da tawada. Na ɗora shi a dandali haka nan. Mutane suka ce a ƙaro, kuma kada a cire musun. Mai Walda ya ƙera wa wayar mariƙi na ƙarfe mai nauyin da sai mutum biyu ke matsar da shi.

Yanzu mabiyansa ɗari shida da 'yan kai. Mutumin baƙin labule yana da dubbai masu yawa, Baba ya sani, yana cewa "shagona ƙarami ne". Wasu na shigowa shafin su zage shi, wai yana zama da abokan gaba. Amsarsa ɗaya ce: "Ɗana, in kana kusa ka kawo rigarka, mu yi magana ina gogewa." Mutum biyu sun zo. Ɗaya ya zama abokin ciniki, ɗayan ya karɓi rigarsa ya tafi yana kan bakansa. Baffa kuma bayan wata biyu ya dawo da kayan aikinsa duk baƙin mai, ya zauna can ƙarshen benci. Ban ce ya daina kallon mutumin ba, amma ya daina turowa, kuma an ji shi rannan yana tambayar wani direba, "A ina aka yi?"

Watan jiya Baba ya yi bidiyo kan fitar da maiƙo daga farin yadi. Inna ta kalla a wayata, ta ce ya yi kuskure, ba a fara sa ruwan zafi. Ta ɗauki mayafi ta nufi shago, ta ce ya matsa gefe, ai ita ta koya masa tun suna ɗaki ɗaya da falo. Ta yi bayaninta tsaf a gaban wayar cikin minti uku, Baba na riƙe mata kwanon ruwa. Mutum dubu huɗu suka kalla. Baba ya ce na'urar ce ta yi kuskure. Inna dai ta ce in na tashi zuwa ranar hutuna, in taho mata da tata wayar, mai babban gilashi.